Idan manhaja ta yi ɓarna, alhakin a wuyan wa yake?

Wani matashi da ya kammala hidimar ƙasa bara, ya kuma samu aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet, ya aiko mini da tambaya. Ya ce a watansa na huɗu da kama aiki ya gano cewa wani sashe na manhajarsu yakan rubuta ciniki ɗaya sau biyu idan sadarwa ta yanke ana tsakiyar aiki. Ya gaya wa shugaban sashensu, sai aka ce masa ya ajiye maganar tukuna har a gama fitar da sabon samfurin da ake gaggawarsa. Abin da yake son sani shi ne, idan wannan tangarɗa ta jawo wa wani asara, alhakin a wuyan wa yake, shi da ya gani ya faɗa aka ƙi ji, ko kuwa kamfanin? Sannan ko lokaci ya yi da zai fara neman aiki a wani wuri?

Ƙanena, kuskuren da ke cikin manhajar ba laifinka ba ne, kuma a gaban abokin hulɗar da ya yi asara kamfanin da ya sayar masa da hidimar shi ne zai amsa. Na shafe shekaru masu yawa ina aikin manhajojin biyan kuɗi, kuma ban taɓa cin karo da wadda ba ta da kuskure ba, balle wadda dubban mutane ke amfani da ita a kan sadarwar da take zuwa tana ɗaukewa. Sai dai daga ranar da ka gano wannan tangarɗa matsayinka ya sauya, domin ka shiga sahun waɗanda suka sani, kuma idan rana ta ɓaci tambayar da za a yi maka ita ce me ka yi da abin da ka sani, da kuma me ka sa wa hannu bayan ka sani. Domin ka ga nauyin wannan magana, zan ba ka labarin abin da ya faru a Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya, saboda matsalar da ka gano kusan ita ce ta jefa ɗaruruwan mutane a bala'i a can.

A Birtaniya yawancin ƙananan rassan gidan waya ba ma'aikatan hukumar ke riƙe da su ba. Masu kantuna ne a ƙauyuka da unguwanni suke ƙulla yarjejeniya da hukumar, su ware wani ɓangare na kantinsu inda ake aika wasiƙa, a biya fansho, a ajiye kuɗi ko a cire. A shekarar 1996 aka bai wa kamfanin ICL, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Fujitsu na Japan, kwangilar gina manhajar lissafi mai suna Horizon, aka kuma fara girka ta a rassa daga 1999. Ba a jima ba masu riƙe da rassan, wato wakilan hukumar, suka fara ganin giɓi a lissafinsu, wani na ɗaruruwan fam, wani na dubbai, alhali sun ƙirga kuɗin da ke akwati sun ga bai yi ciwon kai ba. Hukumar tana ɗora wa wakili biyan duk giɓin da ya bayyana a reshensa, tana kafa hujja da yarjejeniyar da ya sa wa hannu, kuma idan ya buga wa sashen taimako waya, amsar da mutane da yawa suka ce an ba su ita ce babu wanda ke da wannan matsala sai shi kaɗai. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da wakilai sama da 900 a kotu bisa zargin sata ko zamba ko murɗe lissafi, kuma kimanin 700 daga ciki hukumar da kanta ta shigar da ƙarar, wato ita ce mai cewa an yi mata sata, ita ce mai bincike, ita ce kuma mai gabatar da ƙara.

Ka dubi yadda ɗaya daga cikin kurakuran yake aiki, ka kwatanta da naka. A wani reshe da ke garin Dalmellington na Scotland, a 2015, wakiliya ta tura fam 8,000 daga babban reshenta zuwa wani ƙaramin reshe da take kula da shi. Allon na'urar ya tsaya bai nuna mata cewa aikin ya shiga ba, sai ta sake danna maɓallin, kamar yadda ni da kai za mu yi. Duk dannawar da ta yi manhajar tana rubuta sabuwar karɓa a ɓoye, har aka wayi gari lissafi ya nuna an karɓi fam 32,000, wato akwai fam 24,000 da babu su a duniya amma littafi yana neman ta kawo su. Shekaru goma kafin wannan an ga makamancin haka a reshen Callendar Square da ke Falkirk, inda matsalar rumbun bayanai take ninka ciniki. Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kuɗi ya san maganin irin wannan ciwo: kowane ciniki a ba shi lamba tasa shi kaɗai tun daga na'urar da ya taso, ta yadda ko sau goma saƙon ya iso, sau ɗaya za a rubuta shi. Aikin ba wani mai wuya ba ne, abin da yake da wuya shi ne samun shugaban da zai yarda a dakata da sabon abu a gyara tsohon.

Kuskuren kansa bai ɗaure kowa ba. Abin da ya ɗaure mutane shi ne nacewar hukumar cewa Horizon ba ta kuskuren da zai taɓa lissafin reshe, da kuma musanta cewa akwai wanda zai iya shiga lissafin reshe daga nesa ya sauya shi ba da sanin wakili ba, alhali ma'aikatan Fujitsu da ke ofishinsu na Bracknell suna da wannan ikon. Wani wakili mai suna Lee Castleton a garin Bridlington ya ƙi amincewa da giɓin kusan fam 25,000, hukumar ta maka shi a kotu, ya sha kaye a 2007, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, ya tsiyace. Seema Misra ta reshen West Byfleet an yanke mata ɗaurin wata 15 a 2010 tana ɗauke da juna biyu, kan kuɗin da suka haura fam 70,000. Mujallar Computer Weekly ta fara fallasa lamarin tun 2009, amma sai da wakilai 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka haɗa kai suka shigar da ƙara kafin a 2019 Mai Shari'a Fraser ya tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai masu iya haddasa giɓi, har ya kwatanta matsayin hukumar da na mai dagewa a wannan ƙarni cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce. An yi sulhu a kan kusan fam miliyan 58, amma bayan an biya lauyoyi da waɗanda suka ɗauki nauyin shari'ar, abin da ya rage wa mutum 555 su raba bai wuce kimanin miliyan 12 ba. A Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta musamman ta soke yawancin sauran hukunce-hukuncen a dunƙule, abin da ba a saba gani ba a tsarin shari'ar ƙasar. Rahoton farko na kwamitin binciken da Sir Wyn Williams ya jagoranta, wanda ya fito a Yulin 2025, ya ce akwai yiwuwar mutum 13 sun kashe kansu sakamakon wannan lamari.

Abin da ya fi shafar tambayarka shi ne halin da injiniyoyin suka shiga, domin akwai mutum uku a cikin labarin da kowannensu ya san gaskiya, kuma kowanne da yadda ya yi da ita. Tun a 1998, kafin a girka manhajar, an ɗora wa wani injiniya mai suna David McDonnell aikin duba dalilin yawan kurakuran sashen da ke aiki a kan kanta. Shi da abokin aikinsa suka rubuta rahoto, suka kawo misalan rubutun manhaja mai ban takaici, ciki har da wani wuri da ake son a juya lamba daga riba zuwa bashi, abin da ninka lambar da -1 kawai zai yi, amma aka zagaya aka rubuta sharuɗɗa da ɗebe-ɗebe. Ya ba da shawarar a sake rubuta sashen lissafin kuɗi daga tushe, aka ƙi, aka zaɓi a ci gaba da faci. Da ya bayyana gaban kwamitin bincike a 2022, ya ce a cikin masu rubutun su takwas biyu ne ƙwararru, biyu suna da dama-dama, sauran kuwa ba su kai su yi aikin ƙwararru ba. An ƙi jin maganarsa a lokacin, amma takardar ta rayu, kuma bayan shekaru 24 ita ce ta tsaya masa shaida, ta kuma nuna wa duniya cewa manya sun sani tun farko.

Na biyu shi ne Gareth Jenkins, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin Fujitsu da suka fi kowa sanin cikin Horizon. Shi ne aka riƙa kai wa kotu a matsayin masani domin ya yi bayanin ingancin manhajar, har da shari'ar Seema Misra. A ƙarshen Satumban 2010 ya rubuta bayani na cikin gida a kan wani kuskure da ke sa karɓa da biya su ƙi daidaita a wasu rassa, kuma bayanin ya isa hannun lauyoyin hukumar kwanaki kaɗan kafin a fara shari'ar, amma ba a sanar da lauyoyin da ke kare ta ba, shi ma bai ambace shi a kotu ba. A 2013 wani lauya mai suna Simon Clarke ya rubuta wa hukumar shawara cewa Jenkins ya saɓa wa wajibin da ke kan masani mai ba da shaida, kuma bai kamata a sake amfani da shi ba. Wannan shawara ita ma an rufe ta har zuwa 2020. Da Jenkins ya zauna gaban kwamitin bincike na kwana huɗu a Yunin 2024, ya ce shi bai yi ƙarya ba, kuma lauyoyin hukumar ba su taɓa yi masa cikakken bayanin abin da doka ta wajabta wa masani ba, ya ɗauka aikinsa shi ne amsa abin da aka tambaye shi kurum. An kuma nuna yadda tun a 2006 wani jami'in binciken hukumar ya nemi a cire kalmomin da ke nuna gazawar manhaja daga daftarin shaidarsa. Ban ɗauke shi mugun mutum ba, kuma wannan ne ma abin tsoron: mutum ne mai ilimin aikinsa da ya saba da cewa lauyoyi da manaja sun fi shi sanin abin da ya kamata a faɗa, ya bari ana gyara masa magana yana sa hannu. Yau sunansa ne a bakin jama'a, kuma shaidarsa tana cikin abin da 'yan sanda suka buɗe bincike a kai bayan Mai Shari'a Fraser ya miƙa damuwarsa ga ofishin mai gabatar da ƙara.

Na ukun, Richard Roll, ƙaramin ma'aikaci ne a sashen gyara na Bracknell tsakanin 2001 da 2004. Bayan ya bar aikin da shekaru ya fito a shirin talabijin na BBC a 2015 ya ce lallai suna shiga lissafin rassa daga nesa, ya kuma maimaita haka a kotu a 2019, kuma shaidarsa tana cikin abubuwan da suka rushe katangar musun da hukumar ta gina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa maganar ƙaramin injiniya guda ta fi takardun manya nauyi a ranar.

To ina shugabannin? Paula Vennells, wadda ta shugabanci hukumar daga 2012 zuwa 2019, ta sanar a Janairun 2024 cewa za ta mayar da lambar girmamawar da aka taɓa ba ta bayan jama'a sun yi caa a kanta, shugaban Fujitsu na Turai a lokacin, Paul Patterson, kuma ya nemi afuwa a gaban majalisa ya ce kamfanin yana da nauyin taimakawa wajen biyan diyya. Amma har lokacin da rahoton 2025 ya fito babu wani jami'in hukumar ko na kamfanin da ya kwana a gidan yari, kuma diyyar da ake biya daga baitulmalin gwamnati take fitowa. A nan ne nake rabuwa da masu cewa tunda kamfani ne ke da alhaki, injiniya ya kwantar da hankalinsa. A takarda haka ne, amma kamfani ba ya shiga kurkuku, tara yake biya ya rubuta ta cikin asarar shekara, kuma idan aka zo neman mutum mai suna da fuska, wanda sa hannunsa ke kan takardar fasaha shi ya fi sauƙin kamawa, domin umarnin manya yawanci da baki ake ba da shi a bayan ƙofa.

Shari'ar Volkswagen ta nuna haka ƙarara, ko da yake ta sha bamban da taka ta fuska ɗaya mai muhimmanci, wato can ba kuskure aka yi ba, da gangan aka rubuta manhajar yaudara. Manhajar tana lura da abubuwa kamar motsin sitiyari da gudun mota da tsawon lokacin da injin ya yi yana aiki, idan ta gane ana gwajin hayaƙi ne sai ta kunna cikakken tace hayaƙin, a kan titi kuwa ta sassauta, motar ta riƙa fitar da iskar guba har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka bankaɗo bambancin a 2014, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar a Satumban 2015, kamfanin kuma ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya. Da aka kira shugaban reshensa na Amurka, Michael Horn, gaban majalisa a watan Oktoba na shekarar, cewa ya yi a saninsa ba shawarar kamfani ba ce, wasu injiniyoyin manhaja ne 'yan ƙalilan suka yi. Mutum na farko da aka yanke wa hukuncin ɗauri a Amurka kan lamarin shi ne James Liang, injiniyan da ya yi wa kamfanin aiki sama da shekara 30, wanda ya amsa laifinsa ya kuma ba masu bincike haɗin kai. Duk da haka a Agustan 2017 alƙali a Detroit ya ba shi wata 40 da tarar dala 200,000, fiye da abin da masu gabatar da ƙara suka nema. Shugaban kamfanin gaba ɗaya, Martin Winterkorn, murabus ya yi, kuma shari'arsa a Jamus ba ta fara ba sai 2024, sannan aka dakatar da ita saboda rashin lafiya. Hujjar cewa umarni aka ba ni ba ta fitar da Liang ba, kuma ba za ta fitar da kai ba.

Kada ka ɗauka wannan labarin Turawa ne da bai shafe ka ba. Mai sana'ar POS da ke zaune a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa yana cikin matsayi ɗaya da wakilin gidan waya na Birtaniya: jarinsa ne a cikin na'ura, lissafin yana hannun kamfanin da bai taɓa ganin ofishinsa ba, kuma idan allo ya ce kuɗi sun fita alhali ba su fita ba, ba shi da abin nunawa sai ɗan guntun rasit da rubutunsa ke gogewa cikin 'yan makonni. Na taɓa zama a wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba, inda wata wakiliya ta yi ta kira kusan mako biyu tana cewa jarinta ya ragu ba tare da ta yi ciniki ba. Sashen kula da abokan hulɗa ya rufe ƙorafinta sau biyu da cewa lissafi daidai yake, kuma gaskiyarsu, abin da allonsu ya nuna musu ke nan. Ranar da takardar ta iso teburina bayan sallar isha'i, na buɗe kundin da na'ura ke rubuta duk saƙon da ya shigo, na tarar da layi biyu a jere masu kuɗi iri ɗaya, da lambar kati ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa kaɗan, na farkon ya tsaya ba amsa, na biyun ya wuce, kuma dukansu an cire su daga jarinta. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne da na faɗaɗa binciken sai na ga ba ita kaɗai ba ce, ita ce dai kaɗai ta nace. An mayar wa mutane kuɗinsu, amma sai da na rubuta jerin sunayen da adadin kuɗin na aika wa shugaban sashen kuɗi da na bin doka a imel guda, domin maganar baki da na yi da safe ta tsaya ne a kan za a duba.

Akwai kuma wani abu a dokar Najeriya da ya kamata duk mai aiki irin naka ya sani. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin kotu ta karɓi bayanin da kwamfuta ta fitar, sai an nuna, cikin wasu sharuɗɗa, cewa kwamfutar tana aiki daidai a lokacin, ko kuma matsalar da ta samu ba ta taɓa ingancin bayanin ba, kuma ana tabbatar da haka ta takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wanda ke da alhakin kula da na'urar ko aikin. Ingila ta taɓa samun irin wannan sharaɗi a sashe na 69 na dokarta ta shaidar laifuka ta 1984, sai aka soke shi ta wata doka a 1999, shekarar da aka fara girka Horizon, aka koma ɗaukar cewa kwamfuta tana aiki daidai sai wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka, alhali ba shi da hanyar leƙa cikinta. Sharaɗin da ke dokarmu kariya ce ga wanda ake tuhuma, amma ka lura da inda nauyin ya sauka. Wata rana kamfaninku zai yi shari'a da wakili ko abokin hulɗa, lauya zai shigo sashenku riƙe da takarda da aka riga aka buga, ya ce ana bukatar wani daga ɓangaren fasaha ya sa hannu kafin ƙarfe biyu. Idan takardar ta ce manhajar tana aiki daidai a watannin da ka san tana ninka ciniki, to kujerar Gareth Jenkins ce aka jawo maka, kuma babu albashin da ya kai ka zauna a kanta. Ka ce za ka sa hannu idan an rubuta matsalar a ciki, in an ƙi, a nemi wani.

Game da abin da za ka yi yanzu, shawarata ita ce ka mayar da maganar da ka yi da baki zuwa rubutu, a wurin da kamfanin ya tanada domin rubuta kurakurai, sannan ka bi da imel zuwa ga shugabanka cikin ladabi ba tare da zargin kowa ba. Ka bayyana yadda za a maimaita kuskuren mataki-mataki, ka ciro daga kundi sau nawa ya faru a watan da ya wuce da jimillar kuɗin da ya taɓa, ka faɗi gyaran da kake gani da kwanakin da zai ci. Adadin kuɗin shi ne jigon takardar, domin manaja yana iya ture maganar kuskure zuwa wani wata, amma da wuya ya ture lissafin naira da sunayen waɗanda aka cire wa, tunda daga lokacin shi ma ya shiga sahun waɗanda suka sani a rubuce. Ka kuma raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: jinkirta gyaran manhaja shawara ce ta kasuwanci da shugabanka ke da hurumin yankewa, kuma sau da yawa yana da dalilan da ba ka gani daga kujerarka, barin mutane da asarar da aka san manhaja ce ta jawo kuwa, ko gaya musu cewa lissafi daidai yake, wannan ya fita daga hurumin kowa. Saboda haka ko ba za a yi gyaran a wannan watan ba, ka nemi a riƙa tace cinikin da aka ninka kowace rana ana mayar da kuɗin, a kuma sanar da sashen kula da abokan hulɗa domin su daina rufe irin wannan ƙorafi. Wannan aikin yini guda ne, kuma amsar da za a ba ka a kansa ita za ta nuna maka irin gidan da kake ciki.

Gargaɗi ɗaya a nan, domin na ga matasa sun faɗa wannan rami da kyakkyawar niyya: kada ka kwashi bayanan abokan hulɗa zuwa wayarka ko imel ɗinka na kanka da sunan tara hujja, kuma kada ka hau dandalin sada zumunta da maganar. Dokar kare bayanai ta 2023 da yarjejeniyar aikinka duka za su juyo kanka, kuma ka bai wa kamfani damar mayar da zancen ya zama na laifinka. Abin da ya halatta ka riƙe shi ne littafinka na kanka, inda za ka rubuta ranar da ka faɗa, wanda ka faɗa wa, da amsar da ya bayar. Idan shugabanka ya yi shiru, mataki na gaba shi ne sashen bin doka ko na binciken cikin gida, kuma idan kamfanin yana aiki da lasisin Babban Bankin Najeriya, akwai dokokin sauraron ƙorafin abokan hulɗa da mayar da kuɗin cinikin da ya gaza da suke kansa, waɗanda jami'an wannan sashen sun fi shugabanka jin tsoronsu.

Batun barin aiki kuwa, ban ga dalilin gaggawa ba tukuna. Wata huɗu kaɗan ne, aiki yana da wuyar samu, kuma cewa a dakata da gyara har a gama wani aiki magana ce da za ka ji a duk kamfanin da ka je, har da waɗanda ake yi wa kallon na kirki. Abin da zai sa in ce maka ka fara tura takardun neman aiki shi ne idan aka ce ka goge rahoton da ka rubuta, ko ka daina sa irin wannan magana a imel, ko ka sauya kundin na'ura, ko ka tabbatar wa wani a rubuce cewa babu matsala. A shari'ar gidan wayar an gano cewa a 2013 an taɓa ba da umarnin a lalata bayanan tarurrukan da ake yi kan kurakuran Horizon, kuma lauya Clarke ɗin nan ne ya sake rubuta gargaɗi a kai. Duk wurin da aka fara tsoron rubutu, ka san an riga an san abin da rubutun zai nuna. Kafin nan, ka yi ƙoƙarin tara abin da zai riƙe ka wata uku ko huɗu ba albashi, ko da kaɗan-kaɗan ne, saboda na lura cewa yawancin injiniyoyin da suka sa hannu a kan abin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba kuɗin haya ne ya sa su, kuma wanda yake da ɗan abin da ya ajiye ya fi iya cewa a'a da murya a kwance. Ranar Litinin ka fara da ciro adadin cinikin da aka ninka a watan jiya, ka aika wa shugabanka kafin a shiga taron safe.